Mazari, Jirgin Saman da Kafintoci Suka Ƙera

Da za a tara ɗaliban makarantar nan kaf, tun daga 'yan ajin farko har zuwa masu shirin fita bana, a tambaye su da me ake ƙera jirgin sama, na tabbata baki zai zo ɗaya, kowa zai ce da ƙarfe. Iyayenmu ma haka za su ce, don duk wanda ya taɓa rakiyar alhazai filin jirgi, ya ga manya-manyan jiragen nan masu ƙyalli kamar sabuwar tasa, katako ba zai zo masa a rai ba ko kusa. Amma fa an yi wani zamani da yawancin jiragen sama aikin kafinta ne da tela. Kafinta ya yanka katako ya goge, ya shafa gam ya manne, tela ya ja zane ya lulluɓe fiffike, sa'an nan makanike ya zo ya ɗaura inji, mutum ya shiga ya tashi da shi har ya ƙetare teku. Labarin ɗaya daga cikin irin waɗannan jirage nake so in kawo muku, don ina ganin akwai abin da ya shafe mu a cikinsa, mu ɗalibai da ku iyayenmu, game da irin kallon da muke yi wa aikin hannu.

Jirgin nan a Ingila aka ƙera shi, a ma'aikatar kamfanin de Havilland da ke garin Hatfield, arewa da birnin Landan kaɗan. Lambarsa DH.90, sunansa kuwa Dragonfly, watau mazari, ƙwaron nan mai siririn jiki da fiffike huɗu wanda kan yi shawagi a kan kududdufi da damina. Wanda ya raɗa masa sunan bai yi ƙarya ba, gama shi ma fiffikensa huɗu ne, biyu a sama biyu a ƙasa, sirara masu tsini a ƙarshe, ga kuma inji biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ni dai a hoto na gan shi, cikin wani tsohon littafin jiragen sama da ke laburarenmu, wanda tuni bangonsa ya rabu da shi. Cikin hotunan littafin nan duka babu wanda ya kama mini ido kamarsa, shi ya sa na bi diddigin labarinsa.

Mai kamfanin, Geoffrey de Havilland, an haife shi a 1882, ya rasu a 1965. Ɗan wani limamin coci ne, ya koyi aikin inji, ya fara neman abinci a masana'antun mota da bas. Sa'ad da labarin tashin jiragen farko ya bazu a duniya, sai kakansa na wajen uwa ya ba shi fam 1,000, shi da abokinsa Frank Hearle suka duƙufa ƙera nasu. Matarsa ce ta ɗinka zanen fiffiken da keken ɗinkinta. Jirginsu na farko ya ɗaga sama a ƙarshen 1909, bai yi nisa ba fiffike ya karye, ya faɗo ya ragargaje. Suka tsince injin suka koma suka haɗa wani, a 1910 ya tashi lafiya lau, har gwamnati ta saye shi fam 400. A 1920 ya kafa kamfaninsa na kansa. Mutum ne mai sha'awar ƙwari tun yana yaro, musamman malam-buɗe-littafi da danginsa na dare masu bin fitila, shi ya sa jiragensa da yawa sunan ƙwari suke amsawa.

Mu ma nan Arewa muna da alaƙa da wannan suna, ko da yake ba kowa ya sani ba. Jiragen sama na farko da suka sauka Kano, ranar 1 ga Nuwamba 1925, guda 3 ne na sojan saman Ingila, sun taso daga Helwan kusa da Alkahira, Arthur Coningham ke jagorantarsu. Irin DH.9A ne, kuma haruffan nan biyu na DH farkon sunan de Havilland ne. A wannan shekara ta 1925 kamfanin ya fito da wani ƙaramin jirgi mai kujera biyu mai suna Moth, wanda ya sa tuƙin jirgi ya zama abin da mai matsakaicin hali zai iya koya. Daga baya wani gwanin inji, Frank Halford, ya zana masa injin da aka kira Gipsy. Da irin wannan jirgi wata baturiya, Amy Johnson, ta tashi ita kaɗai daga Ingila har Ostareliya a 1930.

Daga ƙananan jirage sai aka shiga masu ɗaukar fasinja. Wani mai motocin bas, Edward Hillman, ya nemi jirgi mai arha wanda zai riƙa kai mutane Faris ba tare da ya sha mai da yawa ba. Aka ƙera masa DH.84 Dragon, mai inji biyu da kujerun fasinja 6, ya fara tashi cikin Nuwamba 1932. A 1934 aka sami ƙannensa biyu. Ɗaya shi ne DH.86 mai inji huɗu, irin wanda kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanyar Hartum zuwa Kano da shi a 1936. Ɗayan kuwa DH.89 Dragon Rapide, wanda ya fi su duka farin jini, don an ƙera fiye da 700. Duk waɗannan jirage jikinsu akwati ne na katako mai kusurwa huɗu, a sa masa 'yan sanduna a waje, a ja zane a kai don ya yi siffa mai kyau.

A wannan shekara ta 1934 kuma aka yi wata babbar tseren jirage daga Ingila zuwa birnin Melbourne na Ostareliya, tafiyar mil 11,000 da ɗoriya. Kamfanin de Havilland ya ƙera jirage 3 musamman don tseren nan, aka sa musu suna Comet, watau tauraro mai wutsiya. Ɗaya daga cikinsu, wanda C. W. A. Scott da Tom Campbell Black suka tuƙa, shi ya ci tseren, bai cika awa 71 a hanya ba. Shi ma da katako aka yi shi, amma an goge shi sumul, an bar fatar jikinsa ta ɗauki nauyi tare da ƙasusuwan ciki. Abin da ma'aikatan suka koya a nan shi ne, in jiki ya yi santsi kuma bai yi nauyi ba, ƙaramin inji ma ya isa ya yi gudu. Da wannan ilmi suka juya kan Mazari.

Nufinsu shi ne su yi jirgin yawon buɗe ido na masu hali. A Turai ta wancan lokaci akwai attajirai da masu sarauta da shugabannin kamfanoni waɗanda suka gaji da jiran jirgin ƙasa da na ruwa. Suna son jirgi nasu na kansu, wanda mutum zai shiga da iyalinsa da jakunkunansu, ya karya kumallo a Landan ya ci abincin rana a Faransa, ba tare da ya sa hular fata da tabarau yana shan iska kamar mai babur ba. Suna kuma son inji biyu, don hankali ya fi kwanciya in ana ƙetare teku ko duwatsu. Jirgin gwaji na farko, mai lamba G-ADNA, ya tashi a Hatfield ranar 12 ga Agusta 1935, aka fara miƙa wa masu saye a 1936.

Babban abin da ya raba Mazari da yayyensa shi ne yadda aka gina jikinsa. Ku dubi ɗakin ciyawa, ƙarfinsa yana cikin tankar da aka ɗaure, ciyawar rufi ce kawai. Sa'an nan ku dubi ƙwarya ko ƙwai, ba su da ƙashi ko ɗaya a ciki, ƙarfinsu duk yana cikin ɓawonsu da yadda ya lanƙwashe. Wanda bai yarda ba ya sa ƙwai a tsakanin tafukansa ta tsawo ya matsa, ya ga irin wuyar da zai sha kafin ya fashe. To, jikin Mazari irin na ƙwarya ne. An ɗauki filawud an lanƙwasa shi a kan ma'auni tun kafin a haɗa, har ya ɗauki siffar jirgi, sa'an nan aka ƙarfafa shi daga ciki da siraran sanduna na wani itace mara nauyi na ƙasashen sanyi. Sai aka sami jiki mai ƙarfi, mai santsi, ga fili a ciki na zaman mutane.

Shi filawud ɗin kansa akwai hikima a cikinsa, kuma malaminmu na aikin katako ya taɓa nuna mana ita ido da ido. Ya ɗauko falle guda na katako siriri kamar kwali, ya ba wani yaro ɗan aji biyu, yaron ya tsaga shi da yatsu biyu, don ya bi jijiyar itacen. Sa'an nan ya ɗauko falle uku da ya manne tun jiya, na tsakiya jijiyarsa a gicciye da ta sauran, ya ba wanda ya fi kowa ƙarfi a ajinmu. Ya yi ta murɗa har ya haɗa gumi, abu ya ƙi tsagewa. Malam ya ce itace ƙarfinsa gefe ɗaya ne, in ka giciya jijiyoyin kowane falle sai ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Da na zo karanta labarin Mazari sai na ga ashe abin nan da muka gani a kan bencin makarantarmu shi ne ya ɗauki mutum biyar sama da gajimare.

Fiffiken ma an yi masa dabara. A jirage masu fiffike sama da ƙasa, akan haɗa na sama da na ƙasa da tokara da wayoyi masu giciye, don su riƙe juna. Wannan yana ba da ƙarfi, amma kowace waya da kowace tokara tana tare iska, tana rage gudu, kuma fasinja sai ya yi ta sunkuye-sunkuye tsakaninsu kafin ya kai ƙofa. A Mazari sai aka kaurara tsakiyar fiffiken ƙasa, wato daga inji zuwa inji, aka sa masa katako mai ƙarfi ƙwarai, har ya iya ɗaukar injuna da ƙafafun sauka shi kaɗai. Da haka aka cire wayoyin da ke kusa da jiki, hanyar shiga ta buɗe. A cikin kaurin nan kuma aka ɓoye tankunan mai. Fiffiken sama tsawonsa ƙafa 43 ne daga tsini zuwa tsini, na ƙasa bai kai shi ba, dukansu ƙasusuwansu katako ne, an lulluɓe su da zane an shafa masa wani irin fenti mai sa shi ya ɗaure tamau kamar fatar ganga.

Injunansa biyu irin Gipsy Major ne, kowanne silinda 4, ƙarfin doki 130, iska ce ke sanyaya su, ba ruwansu da lagireto. Abin mamaki, a kife aka ɗaura su, silinda suna kallon ƙasa, sandar da ke juya farfela tana sama. Dalili kuwa shi ne farfela ta ɗaga daga ƙasa kada ta sari ciyawa ko tsakuwa, kuma inji kada ya tare wa matuƙi gani. Inji ne mai sauƙin gyara, mai jimiri, an ƙera fiye da 14,000 irinsa, kuma shi ne a jikin Tiger Moth, jirgin da dubban matuƙa suka koyi tuƙi da shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. In aka haɗa ƙarfin injunan Mazari biyu, doki 260 ke nan, bai kai na wasu manyan motocin jif da muke gani a titi yau ba.

Duk da haka ku ji abin da yake iya yi. Tsawonsa ƙafa 31 da inci 8. In babu kowa a ciki nauyinsa wajen laba 2,500 ne, kusan nauyin ƙaramar motar shiga, in an cika shi da mai da mutane da kaya kuwa laba 4,000. Yana ɗaukar matuƙi da fasinja 4, ana kuma iya sa wa kujerar da ke kusa da ta matuƙi nata abin tuƙi, don mai jirgi ya riƙa taɓawa in ya ga dama. Iyakar gudunsa mil 144 a awa, gudun tafiya kuwa wajen mil 125. In an cika tankunansa yana cin mil 625 kafin ya nemi mai. Don ku gane, tsakanin Kano da Ikko a miƙe mil 500 ne da ɗoriya, watau tafiyar awa huɗu da 'yan mintoci a irin gudunsa, a zamanin da jirgin ƙasa ke kwana a hanya.

To, amma aiki mai kyau ba ya arha. Kuɗinsa fam 2,650 ne, alhali a 1935 kamfanin Ford yana sayar da sabuwar ƙaramar mota a Ingila fam 100 cif. Ashe kuɗin Mazari ɗaya ya sayi mota 26 har a ba ka canji. Saboda haka masu sayensa na farko attajirai ne da manyan kamfanoni. Jaridar Daily Express ta Landan ta mallaki ɗaya, Sarkin Iraƙi ma an kai masa nasa. Sojan saman Danmak da na Suwidin su ma sun saya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, jirgin da aka yi don jin daɗin masu kuɗi, a ƙarshe aikin talakawa ya fi yi. A Kanada rundunar 'yan sandan ƙasar ta sayi guda 4 a 1937, da su ta buɗe sashenta na jiragen sama, tana leƙen masu fasa-ƙwaurin giya a bakin teku. A Yurugwai ta Kudancin Amurka wasu 'yan'uwa biyu suka kafa kamfanin PLUNA a 1936 da Mazari guda 2, suna kai mutane da wasiƙu daga Montevideo zuwa garuruwan cikin ƙasa, kamfanin nan kuwa ya zama na ƙasa, ya rayu har 2012. A Ostareliya kamfanin Qantas ya yi aiki da shi a daji mai nisa. A Niyu Zilan ya riƙa sauka a ƙananan filaye na yammacin tsibirin kudu, inda duwatsu da koguna suka hana hanyar mota kaiwa. Wanda aka haifa don gidan sarauta sai ga shi yana dakon jakar gidan waya.

Kowane allazi da nasa amanu, Mazari ma yana da nasa aibi, kuma bai kamata in ɓoye muku ba. Na farko, yana da wuyar sha'ani a ƙasa. Manyan tayoyinsa biyu suna gaba, ƙarama ɗaya tana can ƙarƙashin wutsiya, nauyin jirgin kuwa yana bayan manyan tayoyin. Ku ɗauka a-daidaita-sahu ce aka sa ta gudu da baya, da ta ɗan karkace sai nauyin ya ƙara tura ta, kafin ka ankara ta juya. Duk jirgi mai taya a wutsiya yana da wannan hali, amma Mazari ya yi suna a kai. In matuƙi ya yi sakaci wajen tashi ko sauka, sai jirgin ya wulwula kamar mazarin kaɗi, ƙafa ta karye, a shiga gyara mai tsada.

Na biyu kuwa ya fi muni, don ya shafi alkawarin da inji biyu ke yi wa fasinja. Mutum yana ganin inji biyu sai ya ce in ɗaya ya mutu ɗayan zai kai shi gida. Amma in jirgi ya cika da kaya, doki 130 ba su cika isa su riƙe laba 4,000 a sama ba. Ga shi injin da ya rage yana gefe ɗaya, yana ta jan jirgin ya karkace, matuƙi yana ta fama ya miƙe shi, wannan fama kuwa ita ma tana cin ƙarfi. Farfelarsa ta katako ce, ba a iya juya bakinta ta daina tare iska kamar na jiragen da suka zo daga baya. Cikin Disamba 1942 wani Mazari a Niyu Zilan ya rasa farfela ɗaya bayan ya tashi daga Westport, ya faɗa teku, fasinjansa 4 suka rasu, matuƙin ne kaɗai ya tsira. Ranar 12 ga Fabrairu 1962 kuma wani ya tashi daga Christchurch da mutum 5 za su kallon duwatsu a Milford Sound, ya ɓace. Aka yi ta nema da jirage kwana da kwanaki, daga baya mutane suka yi shekaru suna bin daji da ƙafa, ba a same shi ba.

Gaba ɗaya guda 67 kaɗai aka ƙera, aka tsai da aikin a 1938. Tsadarsa ta sa masu kamfanonin sufuri sun gwammace Rapide, wanda ya fi shi ɗaukar mutane. Da yaƙi ya ɓarke a 1939 gwamnati ta karɓe da yawa daga hannun masu su don kai hafsoshi da saƙonni, kaɗan ne suka ga ƙarshen yaƙin. Jirgin katako kuwa ba ya son a bar shi a waje. Gam ɗin wancan zamani daga madara ake yinsa, in damshi ya daɗe a kansa sai ya saki, itacen ma ya fara ruɓewa daga ciki inda ido ba ya gani. Guda biyu ne aka sani sun rage, ɗaya a Ingila ɗaya a Niyu Zilan, su ma don sun sami masu hannu da haƙuri ne da suka warware su suka sāke haɗawa.

Amma wanda ya rena gajere bai taka kunama ba. Ilmin lanƙwasa katako da manne shi da ma'aikatan Hatfield suka tara a kan Comet da Mazari bai tafi a banza ba. A 1937 suka yi Albatross, babban jirgin fasinja mai inji huɗu, wanda jikinsa falle biyu ne na filawud da wani itace mai laushi kamar totuwa a tsakani. Ranar 25 ga Nuwamba 1940 kuma sai ga DH.98 Mosquito, watau sauro, jirgin yaƙi na katako mai inji biyu, wanda yana cikin mafiya gudu a zamaninsa. An ƙera 7,781. Da yake ƙarfen jirage ya yi wuya lokacin yaƙi, masu yin kujeru da tebura na garin High Wycombe da wasu wurare su aka ba aikin sassansa. Mutumin da jiya yake haɗa ƙafar kujera, yau ga shi yana haɗa fiffike. Bayan yaƙi kamfanin ya fito da jirgin ƙarfe mai suna Dove, watau kurciya, a 1945, irin wanda kamfanin jiragen saman Afirka ta Yamma, WAAC, ya fara zirga-zirga da shi a Nijeriya a 1947.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mu ɗalibai mu sani. Tun 1928 kamfanin nan ya buɗe makarantar koyon sana'a a cikin ma'aikatarsa. Samari kan shiga, da rana suna benci da zarto da guduma, sa'an nan su zauna darasin lissafi da zane. Ba a tsaya ga koya musu da baki ba, an bar su sun zana jirage nasu sun ƙera da hannunsu, ɗaya daga ciki, mai suna T.K.2, ya tashi a 1935, har ya shiga tseren jirage tare da na manya. Waɗannan samari ba su girme wa 'yan ajin ƙarshe na makarantarmu da yawa ba.

Yanzu bari in dawo gida. Kowa a nan ya san yadda muke yi da darasin aikin katako da na ƙarfe da na ɗinki. In an buga ƙararrawarsu sai ka ga ana jan ƙafa, wasu su ce ai wannan na waɗanda lissafi ya kayar ne. In lokacin zaɓen darussa ya zo, yaro ya je gida ya ce yana son fannin sana'a, sau da yawa amsar da zai ji ita ce, ba a kai shi makaranta don ya zama kafinta ba. Ban ce iyaye ba su da hujja ba. Sun ga wahalar da masu aikin hannu ke sha a kasuwa, sun ga an fi girmama mai zama a ofis, kowa kuwa yana so ɗansa ya fi shi hutawa. Sai dai labarin Mazari ya nuna mini cewa lissafi da zarto abokan juna ne. Wanda ya zana fiffiken nan sai da ya san iyakar nauyin da katako zai ɗauka, wanda ya yanka shi kuma sai da ya iya karanta zane ya auna daidai ba kuskuren ko rabin inci, don ran mutum biyar yana rataye a kan aikinsa.

Wani zai ce ai zamanin jirgin katako ya wuce, me za mu yi da wannan tsohon labari? Ga amsa. Boeing 787, wanda ya fara tashi a 2009, kusan rabin nauyin jikinsa ba ƙarfe ba ne, wani irin zare ne mai ƙarfi da ake shimfiɗawa falle bisa falle, kowane falle a gicciye da na ƙarƙashinsa, a manne su da gam a gasa a kan ma'auni. Kayan aikin sun sāke, amma dabarar ita ce wadda malaminmu ya nuna mana da falle uku. Ga kuma kwalejin koyon tuƙi da gyaran jiragen sama a Zariya, wadda aka kafa tun 1964, ƙofarta ba ta fi ƙarfin ɗan makarantar nan ba, in ya riƙe lissafi da kimiyya, hannunsa kuma ya saba da kayan aiki.

Yawancinmu mun yi motar kara muna yara, wasu har da jirgin sama mai farfela da ke juyawa in an yi gudu da shi. Ba wanda ya koya mana, ido ne da hannu da naci. Roƙona ga iyayenmu shi ne, in kun ga yaro ko yarinya da irin wannan hannu, kada ku kashe masa gwiwa, ku tambaye shi me yake haɗawa, ku ƙarfafa shi ya haɗa da karatu. Roƙona ga hukumar makaranta kuwa, a taimaka mana da katako da gam da kayan awo, a ba mu izinin kafa ƙungiyar masu ƙera ƙananan jirage, ko da ranar Asabar ce. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, ran da aka buga ƙararrawar aikin katako, mu riƙa zuwa da wuri, don bencin da ke kusa da taga shi ya fi haske, kuma wanda ya riga zuwa shi ke samunsa.